Tsohon ɗan ga-ruwa a kan dutsen Erin-Ijesha

Yau kwana tara da dawowarmu, amma sai jiya na iya tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba. Duk wanda ya shigo shago ya ga ina ɗingishi sai ya tambaya ko ɗan acaɓa ne ya kwashe ni. In na ce dutse na hau, sai a dube ni a dubi ƙafar, wani ya ce Allah ya sawwaƙe, wani ya tambayi nawa aka biya ni. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna in rubuta, mai son ji ya karanta.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne. Wanda ya san wajenmu ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, rairayi iya ganinka, tudun da ya fi kowanne tsawo a ƙauyenmu juji ne. Ruwa kuwa sai an zura guga an yi ta jan igiya har tafin hannu ya yi kanta. Da na zo Legas shekara 22 da suka wuce, sana'ar da na fara ita ce ga-ruwa a Agege. Kura mai jarka 10, kowace jarka lita 25, in turo ta daga bohol, in ɗauki bibbiyu in hau bene da su, wani gidan hawa biyu, wani uku. Shekara shida na yi a haka kafin Allah ya ba ni shagon kayan masarufi. Na kawo wannan ne don a gane inda cika bakina ya samo asali. A ganina, wanda ya hau bene da kilo 50 a hannu babu tudun da zai ba shi tsoro.

Ƙanin matata ne ya jawo tafiyar. Haifaffen Agege ne, ɗan boko, Yarbanci a bakinsa kamar a Abeokuta aka yanke masa cibiya, Hausarsa ma da karin Yarbawa take fita. Wata rana da daddare muna zaune a ƙofar shago ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, ka taɓa ganin famfon da ba a kashewa?" Na duba, sai ga ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse a tsakiyar kurmi. Na ce ƙasar Turawa ce? Ya ce jihar Osun, nan bayan Ilesha, sunan garin Erin-Ijesha, kuma ruwan hawa bakwai ne, wanda ya kai na bakwai zai tarar da ƙauye a can ƙololuwa. Ya ce yawancin mutane a hawa na biyu suke tsayawa. Na ce to ni ba yawancin mutane ba ne.

Aka yi dace maƙwabcina Alhaji, Bagobiri, falken goro, yana da harka a Ilesha a makon. Ya ce in za mu haɗa kuɗin mai, ga Sienna. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 babu mai cewa "shigo kawai" a tafiya mai nisa, kuma ban ga laifinsa ba. Ni da shi da ƙanin matata kowa ya kawo naira 20,000. Na huɗunmu yaron shagona ne, ɗan shekara 19, na tafi da shi don bai taɓa fita Legas ba tun ran da motar albasa ta sauke shi a Mile 12.

Mun tashi ranar Juma'a bayan sallar asuba. Muka bi ta Berger, muka haye gadar Kara, shanu a ƙasa birjik, warin kasuwar ya biyo mu har cikin mota, muka miƙi titin Ibadan, wanda aka buɗe tun 1978 amma kullum kamar yau aka fara gyaransa. A mahaɗar Shagamu Alhaji ya fara ba mu tarihin goro da Hausawan Sabo, bai rufe baki ba sai a Ogere, inda muka tsaya karin kumallo a tsakanin tireloli. In aka rufe maka ido aka sauke ka a Ogere, za ka rantse a Tafa kake. Mai shayi Bahaushe, mai tsire Bahaushe, mai faci Bahaushe. Burodi dai namu muka ciro, don ɗan Agege ba ya sayen burodi a hanya.

Ibadan muka ratsa ta Iwo Road, ba abin faɗa sai hayaniya. A Ikire mata suka yanyame motar da dodon garin, wato agada da ta nuna lugub aka soya ta da manja da barkono har ta yi baƙi. Kallon farko ba za ka so ci ba, amma ƙulli uku na cinye kafin Gbongan.

Tsakanin Ibadan da Ilesha na ƙirga shinge bakwai. Shida sun wuce da gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba. A na bakwai, bayan mun wuce Ile-Ife, wani mai kaki ya leƙo ya ga huluna huɗu, sai ya ce a gangara gefe. Ya tambayi inda za mu. Ƙanin matata ya ce kallon ruwa. Mutumin ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa, sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji abin mamaki. Ashe dalilinsa shi ne ƙasar Ijesha akwai zinare, kuma 'yan Arewa da yawa suna can cikin dazuka suna haƙa, don haka Bahaushe huɗu a mota ɗaya sun nufi Ilesha, a wurinsa lissafi ya riga ya fita. Aka buɗe but ana neman diga da shebur. Abin da aka samu: tabarmar sallah, buta, burodi biyu da buhunan goro wanda babu komai a ciki. Abokin aikin nasa yana jin Hausa, irin ta mutanen Filato. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, daga Legas ka ƙona mai don ka kalli ruwa? Teku ta ƙafe ne?" Na rasa amsa. Alhaji ya ciro goro biyu farare ya miƙa masa, aka yi dariya, muka wuce. Minti 25 muka ɓata a wurin, kuma raina ya sosu, ba don lokacin ba, don dai an ɗauka Bahaushe ba ya fita gida sai neman kuɗi. Da na yi tunani kuma sai na ga ni kaina shekara 22 ban taɓa fita don wani abu ban da shi ba, sai na yi shiru.

A Osu muka sayi ƙosan da garin ya yi suna da shi, muka isa Sabon Ilesha ana kiran sallar Juma'a. A gidan fatoman Alhaji muka sauka, dattijo ne dillalin goro, ya ba mu ɗakin baƙi da katifa biyu, bai karɓi ko kwabo ba. Da yamma Alhaji ya shiga cikin huhunan goro ana ciniki, sabo ya fara fitowa, daushe na ja da baya. Da dare aka kawo sakwara da miyar agushi. Ijeshawa sun yi suna da sakwara, kuma matan Hausawan Sabo sun koya har sun ƙware. Muna ci ƙanin matata yana ba mu labarin yaƙin Kiriji, da aka yi daga 1877 zuwa 1893 tsakanin Ibadan da haɗakar Ijesha da Ekiti, wanda Ogedengbe, jarumin Ilesha, ya ja rundunarsu. Ya ce sunan ma daga ƙarar bindigogi aka samo shi, yadda take amsa-kuwwa a cikin duwatsu. Fatoma ya saurara har ya gama, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, damina ba ta gama tafiya ba. Ku yi wankanku a hawa na biyu ku dawo." Na ce in sha Allahu, irin wadda mutum ke faɗa alhali ya riga ya yanke shawararsa. A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Asabar da hantsi muka kama hanyar Akure, kamar rabin awa muka saki babban titi muka shiga cikin gari, muka bi ta tsakiyarsa har gindin dutse. Tun daga wurin ajiye mota kake jin ƙugin ruwan, ba ka ganinsa. Muka biya kuɗin shiga, samari suka taso kowa na son ya yi mana jagora. Wanda muka ɗauka siriri ne, da silifa a ƙafa da adda a hannu. Ya ce 15,000 zuwa ƙololuwa. Da ya ga zanen fuskar Alhaji sai ya washe baki ya ce ashe da bawansa aka zo. Alhaji ya ce kai, yaushe bawa ya fara yanka wa ubangijinsa farashi? Wasan Gobirawa da Yarbawa ya tashi, aka yi ta zolaya, kafin a gama kuɗi ya sauko 8,000. Ban taɓa ganin amfanin zane a fuska kamar ranar ba.

A nan na tafka kuskuren da ya fi kowanne. Mata na sayar da ruwan leda a bakin ƙofa, ƙanin matata ya ce mu sayi jaka guda mu raba. Na ce wa ke kai ruwa gidan ruwa? Na ɗauki leda biyu na sa a aljihu, shi ma don kada a ce na ƙi shawara.

Hawa na farko da na biyu an yi musu matakala ta siminti, ko da yake ta biyun a tsaye take, tana sa haki. Ɗan jagora yana tafe yana bayani, ƙanin matata na fassara. Ya ce sunan ruwan Olumirin, ma'anarsa wani abin bauta na daban, kuma a faɗar mutanen garin wata jikar Oduduwa, kakan Yarbawa, mai suna Akinla ce ta gano shi lokacin da suka yi ƙaura daga Ile-Ife, har yau kuwa sarautar garin Akinla ake ce mata. Na yi kalmar shahada a zuciyata. Amma da muka sha kwana muka tsaya a gaban na biyun, na gane abin da ya tsorata mutanen da.

Kwazazzabo ne, bango biyu na baƙin dutse, itatuwa sun rufe sama har rana ba ta sauka sosai, ruwa kuma yana faɗowa daga can bisa da ƙarar da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji. Feshinsa kaɗai ya jiƙa min riga tun ban matsa ba. Mutane na ta ihu suna ɗaukar hoto, 'yan makaranta, masu coci da fararen kaya, wasu amarya da ango. Ni kuwa tsayawa na yi kamar gunki. Abin da ya zo min a rai, kuma ba na jin kunyar faɗa, lissafi ne. Na ce wannan kafin ka ƙirga uku ya cika kura. Na fara ƙirga kura nawa ke wucewa a minti, na koma awa, na koma yini, kaina ya ɗaure. Na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, yadda take wanke kwanuka da ruwa moɗa ɗaya, sannan ta zuba wa tumaki ragowar. Na tuna ranar da jarka ta fashe min a matakalar wani bene, matar gidan ta cire kuɗin daga cinikina. Ga shi nan yana zuba dare da rana, tun kafin a haifi kakan kakana, babu mai bohol, babu mai karɓar kuɗi, babu layi. Yaron shagona ya taɓa ni ya ce, "Maigida, kuka kake?" Na ce feshin ruwa ne.

Muka yi alwala a gefe. Sanyinsa har cikin haƙori.

Alhaji ya shimfiɗa tabarma a kan wani falalen dutse, ya ciro goro, ya ce, "Malam, ni nan ne ƙololuwata. Ku gaishe min da na sama." Muka yi masa dariya. Dariyar da na biya kuɗinta da tsada.

Daga nan matakala ta ƙare. Ɗan jagora ya nuna wani wuri a jikin bangon kwazazzabon ya ce nan ce hanya. Na duba ban ga hanya ba, sai saiwoyin itatuwa da suka fito waje suka rungumi dutse, da ɗan gurbin da ƙafafun mutane suka sassaƙa. Haka ake hawa, hannu da ƙafa, kamar biri. Ka kama saiwa, ka jijjiga ta ka ji ko za ta ɗauke ka, ka nemi inda za ka sa ɗan yatsan ƙafa, ka ja jikinka. Ruwan daren jiya ya sa ko'ina santsi, gansakuka ta lulluɓe duwatsu kamar an shafa musu karkashi. Takalmin kambas da na saya 9,000 musamman don tafiyar shi ya fara cin amanata, yana zamewa, alhali mai silifa yana can sama yana jiranmu yana fito. A nan na gane bambancin bene da dutse. Bene kowace taka daidai take da 'yar'uwarta, ƙafa ta haddace, kai kuma ka tafi tunanin duniya. Dutse kuwa kowane taku sabon ciniki ne. Kuma ƙafar da ta hau bene da jarka ƙafar ɗan shekara 25 ce, ba wannan da ta yi shekara 16 a ƙarƙashin kantar shago ba, ga tumbi ya sako.

Sau ɗaya na waiga ƙasa. Ban sake ba.

A wani wuri na kama reshe, ban lura ba ashe hanyar kwarkwasa ce. Kafin in ankara sun shiga hannun riga sun gangara baya. Ba halin sakin reshe, ba halin susa. Haka na ƙarasa hawa ina salati da ƙarfi, da na samu wuri mai faɗi na tuɓe riga, yaran nan biyu suna cire min su ɗaya-ɗaya suna danne dariya. Na ce duk wanda ya kai labarin nan Agege ya nemi wani shagon. Ga shi ni da kaina na kawo.

Hawa na uku da na huɗu mun gan su, ruwan ya fi na ƙasa tsabta, babu kowa sai mu da tsuntsaye. Daga nan na daina ƙirga, na bar wa ɗan jagora. Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya min, shi ne hanya tana rabuwa da rafin. A hankali ƙugin ya yi nisa, ya koma kamar iska a ganye, ya ɓace. Muka shiga kurmi sosai, tudu bayan tudu, in ka ce wannan ne na ƙarshe sai wani ya leƙo ta bayansa. Zafin wurin ba irin namu ba ne. A Gumel rana ce ke dukanka daga sama, ka samu inuwa ka huta. A nan inuwar ce ma ke dafa ka, iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa, kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Leda biyun nan tuni na shanye su. Na yaran ma ya ƙare, don rabin nasu ni na sha.

Ƙishirwa na santa. Na yi azumi ina tura kura. Amma wannan ta zo da wulaƙanci, don ina sane cewa ruwan da ya fi ƙarfin lissafina yana nan ƙasa da mu yana zuba a banza. Harshena ya yi kauri, miyau ya kafe, na fara jin bugun zuciyata a kunne. Sai sha-raɓar ƙafar dama ta ɗaure tamau. Na zube a gindin wata bishiya. Ƙanin matata ya durƙusa yana murza min ƙafa yana cewa, "Yaya, mu koma, wallahi ba wanda zai ji." Na tuna mutanen da suka yi shekara 16 suna yaƙi a cikin irin waɗannan duwatsu, ɗauke da bindiga da guzuri, na ce lalle an yi maza.

Ɗan jagora ya ɓace cikin daji, ya dawo da wasu 'ya'yan itace rawaya guda uku masu kama da gwanda. Ashe mun iso gonakin koko, ba na sha da ƙosai ba, wanda ake cakulan da shi. Na tambayi gonar wa, don ban son in haɗa ƙishirwa da haram. Ya ce ta ƙanin babansa ce. Allah ya sa gaskiya ya faɗa. Ya fasa da adda, ciki 'ya'ya ne lulluɓe da farin abu mai yauƙi, ya ce a tsotsa a tofar, kada a tauna. Zaƙi da ɗan tsami, kamar tsamiyar da aka jiƙa da sukari. Shekara da shekaru ina sayar da abin da ake yi da koko a gwangwani, ban taɓa ganin uwarsa ba sai ranar. Shi ya tashe ni tsaye.

Muna cikin haka wata mata ta ɓullo daga sama, za ta girme ni, da buhu a ka da gammo, ƙafa ba takalmi. Ta dube ni ta ce, "Epele o, Mola," wato sannu Malam, ta raɓa mu ta gangara, ko hannu ba ta sa a buhun ba. Na bi ta da kallo har ta shige. Ban ƙara maganar bene ba.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, bayan awa uku da wani abu da barin Alhaji, ƙasa ta miƙe, muka ji carar zakara. Abake ke nan, ƙauyen da ke ƙololuwa. Ƙaramin ƙauye ne, gidajen ƙasa da rufin kwano mai tsatsa, an baza koko a ƙasa yana shan rana, ƙamshinsa mai tsami ya cika wurin, mata na suyar garin rogo a babban kasko, awaki na yawo. In ka cire itatuwan, ka ce wani ƙauye ne a wajenmu. Suka ce mana nan jihar Ekiti ce. Wato mun fita daga wata jiha mun shiga wata da ƙafa, babu shinge ko ɗaya, babu mai neman diga.

Ban yi sallama da kyau ba na ce ruwa. Wata tsohuwa ta shiga ɗaki ta ɗebo daga randa a kofin roba. Na sha uku a jere, na huɗu na zuba a ka. Sai hannuna ya tafi aljihu da kansa, na ciro 500 na miƙa mata. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta faɗi wata magana, matan da ke suya suka kwashe da dariya. Na ce me ta ce? Ƙanin matata ya ce, "Ta ce in sayen ruwa kake so, ka koma Legas." Na mayar da kuɗina ina jin nauyi. To amma kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya ce. Da muka zo sayen garin rogo da gyaɗa don mu jiƙa, ta yanka farashi, na yi tayi irin na ɗan kasuwa, ko naira ba ta rage ba. Garin kuwa sabon sauka daga wuta, da ɗuminsa, ban taɓa shan irinsa ba. Na ƙara mudu biyu na kawo wa maiɗakina, yaron shago ya ɗauko.

Muka duba alƙibla a waya, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a ƙarƙashin wata bishiya, yaran ƙauyen sun kewaye mu suna kallo. Ɗan jagora ya kai mu wani buɗaɗɗen wuri inda ake hango ƙasa. Tuddai kore shar, wani bayan wani, har su koma shuɗi su haɗe da sama, hazo-hazo na tashi daga kwaruruka. Shekara 22 ina ce wa ƙasar nan kurmi, ina ratsa ta cikin motar dare in za ni gida, a zatona duk daji ne shafe ɗaya. Ban san tana da ƙashi haka ba.

Saukowa ta fi hawa azaba, duk wanda ya ce maka ba haka ba bai hau ba. A hawa huhu ke wahala, a sauka gwiwa. Ƙafafuna suka riƙa rawa kamar mazari. Wuraren da muka hau da hannu, da mazaunai na sauko su, wandona ya yage tun daga baya har cinya, na ɗaura riga a ƙugu. Sau biyu na zame, na biyun saiwa ce ta tare ni, gwiwar hagu ta daki dutse, ita ce ɗingishin da ake gani. Da muka dawo inda rafi yake na kifa kai na sha kamar saniya, ban tambayi kowa ko yana da tsabta ba.

Biyar ta wuce muka iso hawa na biyu. Alhaji ya yi barci ya tashi, ya yi abokai, har ya samu wani manomi da zai kawo masa goro. Ya dube ni, ya dubi rigar da ke ƙuguna, ya ce, "Malam, na sama sun amsa gaisuwar?" Na ƙara wa ɗan jagora 2,000 a kan kuɗinsa, don koko uku ɗin nan sun fi haka.

A Sabo fatoma bai ce komai ba, ya dai sa aka dafa min ruwan zafi, aka kawo man zafi. Shirunsa ya fi faɗa ciwo. Lahadi muka kamo hanya, motar cike da goro, ni a baya ƙafa a miƙe kan buhu. Cunkoson masu dawowa daga wuraren ibada ya riƙe mu awa biyu tsakanin Mowe da Berger. Da na haɗa lissafi, mai da abinci da shiga da jagora da takalmi da na shinge, ni da yarona mun ci kusan 55,000, ban da wando.

Litinin da safe yaron da ke kawo mana ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida. Ɗan wajen Illela ne, bai fi shekara biyu a Legas ba. Na kira shi na nuna masa hoton da ƙanin matata ya ɗauka a hawa na biyu. Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar, ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake sa masa. Sau uku ya kalla. Sannan ya ce, "Maigida, duk wannan ina yake tafiya?"

Na ce daji.

Ya ce, "Ba mai tarewa?"

Na ce babu.

Ya girgiza kai, ya miƙo min wayar, ya sunkuya ya ɗauki jarka biyu. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce mai bohol ya ƙara kuɗi tun ranar Asabar, yanzu kowace jarka an ɗora naira 50.